Akwatin Anselmo

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina zaune
bakin ƙofar banki, a titin Reconquista,
Buenos Aires na wuce ni daga gwiwa zuwa ƙasa.
Ban cika riƙe fuska ba,
amma nuna mini takalmi in faɗa maka mai shi.

A da, kafin bakwai da rabi
layi ya kai rumfar mai jarida.
Baƙi, ja, mai ruwan ƙasa,
kowa ya ɗora ƙafa kan akwatina yana duban agogo.
Don Hilario Ferreyra, akawun hawa na uku,
albashinsa bai taka kara ya karya ba,
kwat ɗinsa ɗaya tal, gwiwar hannu ta sha faci,
amma karin gugar wandonsa
sai ya yanke maka yatsa.
Yakan ce, "Anselmo, wanda ya ba ni ajiyar guminsa
ya cancanci in ɗaura masa nektai."

Yau fa?
Kambas, kambas, sai kambas,
farare fat kamar ayarin balbelu,
ba su shan mai, ba su san buroshi ba.
Manaja ya shigo da rigar ƙwallo,
wandonsa a yage a gwiwa,
wai haka aka saye shi, da tsada kuma.
Mu da muka tashi muna ɓoye yagewa
kamar asirin cikin gida!
Shekaranjiya na ga lauya zai nufi kotu,
idon sawu a waje, ko safa babu.
Gidan wasan da mahaifiyata ta mutu ba ta shiga ba
don ba ta da rigar da ta dace,
yau silifa ke tafi a kan matakalarsa.

Na kai ƙara wurin jikata Micaela.
Ta ajiye cokali ta ce, "Kaka,
shekarar da aka rufe wa mutane kuɗinsu,
mata na kaɗa tukwane a titi,
waɗanda suka ja ƙofar ai da kwat suka ja ta.
Kai ma ka goge musu takalma."
Na buɗe baki, na rufe.
Miyar ta huce ban sha ba.

To, ranar Talata, ana yayyafi,
wani saurayi ya tsaya a kaina,
gajeren wando, gashi ba taza, waya a kunne.
Na kau da kai, ba cinikina ba ne.
Sai ya kwance leda.
Baƙaƙe ne, dunduniyar hagu ta fi cinyewa.
Tun kafin ya yi magana na gane su.

"Kakana ne. Gobe za a binne shi.
Ya bar takarda: a kai wa Anselmo."

Na shafa mai sau uku, ban yi sauri ba.
Na ja ƙyalle har fitilun titi suka fito a kan fatar.
Yaron ya zauna a jiƙaƙƙen daɓe
yana share ido da bakin riga.
Ashe wata bakwai shi ke juya tsohon a kan gado,
shi ke masa aski, shi ke wanke shi.

Da zai tashi ya zaro wani abu daga aljihu,
shuɗi, mai ɗigo-ɗigo, ya sha ninki.
"Ka iya ɗaura wannan?"
Muka tsaya gaban gilashin banki,
hannuna mai baƙin mai, wuyansa ba kwala,
sau biyu ƙullin na karkacewa.
Na uku ya zauna.

Na ƙi karɓar kuɗinsa.
Ya tafi, leda a ƙirji,
nektai na lilo a kan rigar roba,
taɓo ya ɓata masa kambas na dama.
Saura kaɗan in kira shi ya dawo,
sai na tuna ba ni da farin mai.