Ƙyauren Kawu Cindo

Ranar da aka rushe shagon Kawu Cindo a Tudun Wada
don a faɗaɗa hanya,
ban ɗauki zarto ba, ban ɗauki guduma ba,
'ya'yansa sun raba waɗannan tun da hantsi.
Ƙyauren na ja, na maɗaci,
na jefa bayan a-kori-kura har Samaru,
direba na leƙe ta madubi:
"Malama, na girki ne ko na ajiyewa?"

Kwana uku ina bin sa da samfefa.
Garinsa na da ɗaci a maƙogwaro,
ashe ba a banza ya ci sunansa ba.
Ƙarƙashin dauɗar shekara arba'in
ga lissafin bashi da tsinin ƙusa:
benci biyu, Barau mai shayi, saura sule goma.
Ga hanyar gara, ga ƙunar aci-balbal,
ga zane bakwai, wani bisa wani,
inda ake tsayar da wata yarinya kowace Sallah
a auna ta, tana ɗage, tana ha'inci.
Ni ce. Na ajiye samfefar, na kasa gogewa.

A makaranta kan ƙyalle muka koya,
ƙyalle mai ladabi, ka danna ya rusuna.
Katako ba ya rusuna wa kowa.

Farin da na shimfiɗa masa, ya shanye.
Na ƙara, ya shanye,
kamar fako a gindin Kufena ya ga yayyafin fari.
Sai a na huɗu ya ce ya ƙoshi.
Na matso ja irin na tsohuwar ganuwa,
na karya shi da baƙi kaɗan,
ɗaki ya cika da warin mai da kananzir
har mai gidan haya ta aiko a ji
ko risho ne ke yoyo, ko wani abin nake dafawa.

Ban zana fuskarsa ba, ta fara ɓace mini.
Hannuwansa na riƙe.
Na hagun nan mai yatsa shida,
wanda muke ƙirgawa yana dariya,
na dama da farcen da guduma ta kashe.
Inda yatsa na shida zai zauna
sai na tarar da idon itace, kewayayye, baƙi,
tamkar tun bishiyar na tsaye a daji
wannan gurbin take tanadarwa.

Fentin mai bai san sauri ba.
Ka shafa Talata, wata Talatar yana danƙo,
balle a Agusta, da rana ke rowa.
Wani ƙuda ya sauka kan babban yatsa, ya maƙale.
Na cire shi da allura, ƙafa ɗaya ta zauna.
Tana nan. Mai ido yana ganewa.

Da damina ta ja kaya, dare ɗaya na ji ƙas!
Katako ya sha, ya kumbura, ya sake,
ya tsage daga wuyan hannu zuwa tsakiyar tafi.
Na kwaɓa garin zarto da gam zan toshe,
sai na tuna tafinsa ma haka yake,
kaushi da faso, ko man kaɗe bai iya masa ba.
Na bar kwaɓin a gwangwani yana bushewa.

Wani ya zo daga Kaduna da mota mai sanyi,
ya taya da kyau,
amma a cire sakatar, wai tana ɓata tsari.
Na ba shi ruwa, na raka shi bakin titi.

Jiya Gwaggo Tasalla ta zo, an riƙo ta.
Ta dubi aikin wata biyar sau ɗaya,
ta ce, "Juya min shi."
A bayan, inda ban sa ko ɗigon fenti ba,
akwai wani wuri mai santsi, daidai kafaɗa,
inda yake turawa kowace safiya.
Nan ta ɗora hannu.
Shayin da na zuba mata ya huce,
ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba,
har ladanin unguwa ya soma kiran la'asar
ba ta da niyyar ɗaukewa.