Akwati na Arba'in da Ɗaya

Daren Talata saƙon ya zo,
ina cin dankali da kifi a Castro,
ruwan sama na dukan rufin kwano kamar mai bin bashi.
Wai an gano tsaga a manhajar rauta,
fararen akwatunan nan masu ƙaho biyu
da muka shekara bakwai muna maƙalawa a bangon mutane.
Wani daga can wata uwa duniya
zai aiko da 'yan haruffa,
akwatin ya ce: na'am, ranka ya daɗe, me zan yi?

Wannan ɓarawo ba ya haura katanga.
Kare ba ya jin warinsa.
In bango ya tsage, ƙadangare ba ya sallama.

Na ture abinci, na buɗe kwamfuta,
na bi su ɗaya-ɗaya ina ƙwanƙwasawa
kamar ma'aikaciyar ƙidaya.
Ɗari uku da sha biyu na gaisar.
Arba'in da ɗaya suka buɗe mini,
ko "wane ne?" ba su ce ba.

Talatin da takwas na yi wa faci daga kujerata,
na toshe ƙofar baya, na canja kalmar sirri.
Kafin asuba idona ya koma gauta.
Saura uku. Su kam sai an taka.

Na farko yana shagon Baldovino mai gyaran injin jirgi.
Ya ce in bari a tashi daga ƙwallo.
Na jira. An ci su biyu da nema.

Na biyu sai da na shiga kwalekwale zuwa Quehui.
Doña Eduvigis ta saƙa masa hular ulu
don kada sanyi ya kama shi.
Ta cikinsa take ganin fuskar ɗanta duk Lahadi,
yana can kudu yana askin tumaki.
Na leƙa cikinsa, gabana ya faɗi:
an riga ni.
Mako uku ke nan yana yi wa baƙo aikin dare,
yana jifan gidajen da bai sani ba
a ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba.
Ban gaya mata duka ba.
Na ce ɗan zazzaɓi ne.
Na soka tsinke a ramin bayansa, na ƙirga goma,
ya manta kowa, har ni, har ita,
na sake koya masa sunan gidan.
Ta ba ni shayi, ta mayar masa da hularsa.
Na ce a bar masa wurin shan iska.

Na ukun ne ya hana ni barci.
Yana amsawa, amma babu shi a littafi.
Lamba ta goge, wanda ya kafa shi ya bar aiki.
Kwana huɗu ina bin waya daga turke zuwa turke,
taɓo har ƙwauri,
sai ga ni a wata rumfar jirage a Rilán.
Mai ita ya rasu bara waccan,
magada na shari'a, ba wanda ya tuna ya yanke wuta.
Can sama, bayan wata tsohuwar koma,
'yar koriyar fitila tana ƙyaftawa,
tana jiran duk wanda ya fara magana.

Na daɗe ina kallonsa.
Shekara biyu yana gadin wurin da ba kowa,
ƙofa a wangale, kuma ba laifinsa ba ne.
Ya tsufa, maƙeransa sun daina ɗinka masa faci.
Na zare wayar.
Sai kukan tsuntsayen teku.

Yanzu yana cikin jakata,
da yanar gizo a ƙahonsa, ta gaske, mai ƙura.
Na rubuta a littafi: arba'in da ɗaya, an rufe.
Ban kai mota ba wayata ta yi ƙara.
Wani saƙon ne.
Na tsaya cikin ruwa ina karantawa.