Dusar da Ba Akuyar da Za Ta Ci

Ƙarfe huɗu saura na dare, a Oulu,
ina ɗakin wanki na gidan tsofaffi
ina ninke zannuwan gado masu ɗumi,
sai ƙararrawar ɗaki na tara ta yi kuka.

Hilkka ce. Shekara casa'in ba ɗaya.
Ta manta sunayen 'ya'yanta uku,
ta manta mijinta ya rasu,
ni kuwa kullum baƙuwa ce a wurinta,
sai na sake gaya mata: Tasalla nake.

Na same ta tsaye, ba takalmi,
goshinta manne da gilashin taga.
Ba ta juyo ba. Ta ce, “Ensilumi.”
Ta kama tsintsiyar hannuna
kamar za mu ƙetare titi.

Na duba.

Ƙarƙashin fitila wani abu yana saukowa,
ba gaggawa, ba sauti,
kamar an farke matashin kai a sama
an bar audugar rimi ta nemi hanyarta.
Ruwan da na sani yakan aiko iska tukuna,
ya bugi kwanon rufi, ya kora kaji akurki,
ya tayar da ƙamshin ƙasa.
Wannan ko sallama bai yi ba.
Da sanɗa ya shigo gari,
ya lulluɓe kekuna da motar mai gadi,
har kwandon shara ya samu farar riga.

A makaranta dusar ƙanƙara muka ce.
Na yi dariya ni kaɗai:
dusa dai, wadda nake jiƙa wa akuyar Inna da kanwa?
Wanda ya raɗa sunan nan
ina jin a hoto ya gani,
kuma dabbobinsa na jin yunwa a ranar.
Ga dusa har bakin ƙofa,
ba akuyar da za ta ci.

Doka ta hana buɗe taga da dare.
Na buɗe.
Sanyi ya mare ni, ya shiga haƙora.
Hilkka ta miƙa hannuna waje, tafi na kallon sama,
yadda ake yi in za a shafa addu'a.
Ɗaya ta sauka. Na kawo ta kusa da ido:
ƙafa shida, da zane irin na bakin hula.
Kafin in sake ƙirgawa
ta zama ɗigon ruwa.

Tsohuwa ta tari tata da harshe,
ta rufe ido, magana ta ɓalle mata.
Yarensu bai zauna a bakina ba tukuna,
sai tsintar kalma nake nan da can:
uba, doki, makaranta, jan mayafi,
da wani ƙane, Veikko,
wanda babu shi a takardunmu.
Abin da likita ya ce ya goge tun bara
ashe yana nan kwance,
sanyi yake jira.

Na sa mata safa, na mayar da ita gado.
Ban rubuta zancen taga a littafin aiki ba.

Da na tashi, na taka ta da ƙafata.
Tana ƙara kamar ana tauna ƙuliƙuli.
Na zame na faɗi a gaban tashar bas,
wani dattijo ya kau da kai
don kada in ji kunya.

Na kira Inna, na juya mata fuskar waya.
Ta yi shiru mai tsawo, ta ce, “Ikon Allah.
To wa zai share duk wannan?”
Can kuma: “Safa nawa kika sa?”

Da yamma na koma ɗaki na tara.
Hilkka ta dube ni, ta tambayi sunana.
Na gaya mata.
Ta dubi taga, ta dubi tafin hannuna,
ta daɗe tana dubansa,
sannan ta ce in ja labule,
hasken ya yi mata yawa.