Rigar Biskit

A Halifax layinmu ya hau tudu,
gidaje baƙaƙe, dutse bisa dutse,
ruwan sama ba ya sallama, ba ya ban kwana.

Ran Talata Mista Holroyd ya ƙwanƙwasa ƙofa,
leda a hannu, hula a ƙirji.
Ya ce yakan hango ni ta taga ina saƙa.
Ya ce Moreen ta fara wannan a watan tara,
ba ta ga watan goma ba.

Na buɗe. Zaren ulu kore shar, launin zogale,
tsinke biyu a soke cikin dunƙule
kamar ta tashi ne ta duba tukunya.
Ta gama baya. Saura ƙirji, saura wuya,
saura kafa biyu, mafitar ƙafafu.

Ƙafafu? na ce.
Sai ga mai rigar ya leƙo ta bayan takalmi:
ɗan kare, bai kai budurwar kaza ba,
yana rawar ɗari kamar an kaɗa masa kalangu.

Gwaggo Tabawa, ina ma kina raye!
Ke da kika zaunar da ni bakin rumbu a Funtuwa
kina ƙwala mini kwarashi a yatsa
har na iya hular jariri da safar ranar suna,
yau ga ɗiyarki telar kare.
Da kin yi dariya har ɗankwali ya zame.

Ban taɓa shi ba, ina da alwala.
Tsohon ne ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya zagaya wuya da igiya, ya ƙulla,
ya zagaya ƙirji, ya ƙulla,
daga ƙeya zuwa gindin wutsiya, ya ƙulla.
Ya miƙo mini karensa a ƙulli uku.

Dare biyar, in na sauka daga motar ƙarfe tara
da warin asibiti a mayafina,
sai in zauna jikin hita, shayi na hucewa.
Hannun Moreen sakwa-sakwa ne,
hannun mai saƙa tana hira, rediyo a kunne.
Nawa a matse yake,
hannun mai lissafin kuɗin haya.
Sau biyu na warware don su daidaita.
A na uku na haƙura.
Duk mai ido zai ga layin
inda ta ajiye, inda na ɗauka.

Can cikin dunƙulen na tsinci gashi ɗaya,
fari, dogo, ba na kare ba.
Na riƙe shi a haske, na daɗe.
Sai na haɗa shi da zaren, na ci gaba.

Saura faɗin yatsa biyu a wuya
kore ya ƙare.
Na ƙarasa da ragowar ruwan ɗorawa
na hular jikata da na aika Gusau,
wadda har yau ban san nauyinta ba,
kukanta kawai na sani, ta waya.

Ran Lahadi ya zo. Ya zura masa kai,
ƙafa ɗaya, ƙafa ta biyu.
Biskit ya tsaya ƙiƙam, ya yi atishawa,
ya dube mu kamar sabon ɗan sanda.
Tsohon ya bi bayan rigar da babban yatsa,
ya iso layin nan, ya tsaya.
Bai ce komai ba. Ni ma na kama kallon ruwa.

Ya ciro kuɗi, na ce ya mayar,
maƙwabci ba ya sayen wuta.

Yanzu kullum da hantsi ina ganinsu,
ɗigon kore yana jan tsoho gangare,
sun wuce shagon burodi, sun wuce akwatin wasiƙa.
Jiya na lura da suwaitar jikinsa:
saƙa sakwa-sakwa, na gane hannun,
gwiwar hannu ta hagu ta huje,
iska na shiga yadda ta ga dama.

Ina da toka-toka, rabin dunƙule.
Gobe zan ce ya kawo.