Taku Nawa?

A bayan gidanmu a Maiwurno
na ja layi da tsinken dalbejiya.
Taku takwas, in ji aljihuna.

Magini Sa'adu ya girgiza kai:
"Inji zai shiga, to kai fa?
Ina za ka tsuguna in ka wargaza shi?"

Na ƙara biyu. Zulai ta leƙo:
"Ka cinye min gurbin kuɓewa."
Na rage ɗaya.

Da dare na ƙirga bulo,
na ƙirga injinan ban ruwa
da manoman bakin kogi ba su kawo ba tukuna.

Da safe na tarar da Mudassir,
shekararsa shida, sifana a hannu,
ya share layin da ƙafa,
ya ja nasa can gaba,
inda zai tsaya.

Na aika a ƙaro bulo.