Mataccen Maɓalli

Ni ne mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Sabon Gari,
teburi guda, dalma, ƙarfen liƙi,
da fanka mai tari kamar tsohon direban tirela.
Nan aka kawo ta wata Laraba da la'asar,
fiyanon lantarki daga wani coci a Wusasa,
naɗe cikin zanen gado, ɓera ya gama da wayoyinta.

Na buɗe cikinta, na share, na liƙe.
Kowane baki ya yi magana
sai maɓalli ɗaya, fari, can wajen tsakiya.
Danna shi har yatsa ya gaji,
shiru, kamar an aiki bawa garinsu.
Masu ita ba su dawo ba. Kuɗin gyara ya fi ƙarfinsu.

Sagiru ne ya gan ta,
yaron da ke sayar da katin waya a gefen rumfata.
In kasuwa ta watse sai ya ja benci.
Bai san sunan ko sauti ɗaya ba,
kunne kawai gare shi, da naci irin na ƙuda.
Duk sanda yatsunsa suka hau tsani
sai su tarar da matakalar da ta karye,
su yi tsalle.
Wata uku yana tsallen nan
har tsallen ya zama waƙa.

Gangar kuwa ba fata ba ce, ba kalangu ba.
Janareton mai walda ya saurara,
ya nemo bugunsa a cikin na'urar.
Ya kira Kande, mai ɗinki a Tudun Wada,
wadda ke rera wa kekenta in aiki ya yi yawa.
Suka ɗauka a wani ɗaki a Kwangila,
katifa jingine da taga don tare hon ɗin motoci,
sau huɗu wuta na ɗaukewa.

Ranar Asabar gidan rediyo ke jera goma.
Ta shigo ta tara, a raɓe, kamar baƙuwa a gidan biki.
Mako na gaba ta bakwai.
Sai ta tsaya nan har na ce ta ƙare,
kwatsam ɗaliban Samaru suka ɗauke ta,
masu shayi, 'yan acaba, wayoyin 'yan mata a Kongo.
Ta huɗu. Ta biyu.
Daren da ta hau ta ɗaya
rediyo shida ke kan teburina, na mutane,
na kunna su duka.
Mako bakwai tana sama, babu mai ture ta.
Direban Maraɗi ya ce har can ana tambayarta.

Wani mai sharhi ya ce hikimar tana cikin ramin nan,
gurbin da mawaƙin ya bari da gangan
don zuciya ta faɗa ciki.
Na yi dariya har dalma ta ƙone ni.

Sagiru ya tafi Legas.
Aka ba shi na'ura mai fitilu, duk haƙoranta cikakku.
Ya fitar da waƙa uku, santsi kamar tangaran,
ba inda ƙafa za ta yi tuntuɓe,
ba wadda ta wuce ta takwas.
Kande ta sayi keken ɗinki biyu, ta ɗauki yara.

Bara ya dawo da baƙin gilashi,
ya gaishe ni har ƙasa,
ya ce, Baba, ina tsohuwar nan?
Na nuna masa ita a kan kanta, an goge ta tas.
Ya danna farin maɓallin.
Ya yi ƙara.

Ai na samu kayan gyaransa tun watan Sallah.
Aikina ke nan.