Rumbun Raili

Mabuɗin ɗakin ƙasa yana wuyana
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Ba ni da ofis, ba ni da hatimi,
sai tukwane arba'in da 'yan kai,
barguna, cokula marasa dangi,
da rigunan sanyi da masu su suka rataye
suka koma ƙasashen da rana ba ta rowa.

A watan Agusta suke sauka Oulu,
akwati ya fi mai shi nauyi.
A can sama ana ba su lambar ɗalibi,
katin bas, taswirar jami'a.
Ni ƙafa nake duba.
Takalmin Bikash na yadi ne, fari fat.
Na ce, ɗana, wannan ba zai kai ka Nuwamba ba.
Ya yi dariya: a garinsu ma akwai duwatsu masu ƙanƙara,
sai dai ta taga yake gaishe su.

Na koya masa abin da ba a rubuta ba.
In maƙwabci bai gaishe ka a matakala ba,
ba gaba ba ce, kunya ce irin tamu.
Shirun mutanen nan ƙofa ce a saye,
tura a hankali.
Ba kowane kwali mai hoton saniya ne madara ba,
sau biyu Thuy tana tsinka shayinta da kindirmo.
Rataya wannan ɗan ƙyalli a riga
don direba ya gan ka cikin duhu.

Nuwamba ta zo, rana ta zama baƙuwa,
ta leƙo da hantsi, kafin la'asar ta yi sallama.
Bikash ya daina saukowa.
Kwana tara keken da na ara masa yana jingine,
ƙanƙara ta hau sirdi ta zauna.
Na hau hawa na huɗu da gwiwata mai ƙara,
fitila a hannu, miyar kifi a kwano.
Ban tambaye shi lafiya ba,
na san amsar aro zai ba ni.

Na zauna bakin gado na ce:
ina 'yar sha tara na tsallaka Göteborg,
masana'antar mota, ba kalmarsu ko ɗaya a bakina.
Wata uku ina cin burodi a tsaye bayan ƙofa,
har wata tsohuwa 'yar Girka ta miƙo mini tukunya,
ta nuna ni, ta nuna murhu, ta nuna bakinta.
Har yau ban san sunanta ba.
Bashinta nake biya, cokali cokali.

Ya shanye miyar bai ɗago ba.
Can ya ce, ina barkono?
Na ce, to, ran Alhamis kai ne da girki.

Ran Alhamis ƙararrawar hayaƙi ta tashi,
mutum goma sha biyu suka fito da safa,
har da Eero na ɗakin kusa,
wanda tun kaka bai ce uffan ba.
Ya ci, yaji ya sa shi hawaye, ya ce, da daɗi.
Kalma biyu. A garin nan huɗuba ke nan.

Bana Bikash ya kammala.
Ya dawo da keke, da tukunya an kankare gindinta,
da shuɗiyar rigar nan mai faci a gwiwar hannu.
Ina lalube aljihu kamar kullum, na taɓo takarda:

Kai da za ka sa ta bayana,
zif ɗin yana cijewa, ja shi da lallami.
Rana tana dawowa a Fabrairu.
Na gani da idona.

Na ninke ta na mayar.
Na rataye rigar kusa da ƙofa.
Agusta saura mako uku,
kuma cokula ba za su isa ba.